Wa Ake Ɗauka Hoto? Zaɓen Fuska a Hartum da Omdurman

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce "jiya na ɗauki hoto", mai sauraro ba zai san ko shi ne ya riƙe kyamara ko kuwa shi ne ya tsaya a gabanta ba, sai an ƙara bayani. Jimlar ɗaya ce, amma tana ɗauke da mutum biyu. In ana son a raba su, sai a ce "ya ɗauke ni hoto" ko "na ɗauke shi hoto". A nan ɗalibi zai lura da yadda aikatau ɗin ke sauya wasalin ƙarshe: "ɗauki" a gaban suna, "ɗauke" a gaban wakilin suna. Wanda ya riƙe kyamara yana da sunansa, wato mai hoto. Wanda ya tsaya a gabanta kuwa ba shi da suna guda da kowa ya yarda da shi. Wannan takarda ta dubi wannan mutum na biyu ne: yadda ake zaɓensa, da abin da ke mayar da tsayuwa gaban kyamara ta zama sana'a. An ɗauko misalan daga Hartum, wanda jaridu kan rubuta Khartoum, da kuma Omdurman da ke tsallaken kogi, domin a cikin shekara ɗari da ɗoriya garuruwan biyu sun ga kusan kowane irin ɗaukar hoto da ake yi wa ɗan Adam.

Matsalar suna

A Turanci akwai kalma ɗaya da ake kiran wanda aikinsa shi ne tsayawa a ɗauke shi hoto ko a zana shi, kuma matasan birane, a Kano da Hartum baki ɗaya, sun are ta suna cewa "modal". Gidajen rediyon Hausa sun fi son "mai tallan kayan ƙawa". Fassarar ta yi daidai da mai sa tufafi yana taku a gaban 'yan kallo, amma ba ta kama wanda mai hoto ya zaɓa don fuskarsa kawai ba. "'Yar talla" ba za ta yiwu ba, domin duk wanda ya ji ta yarinya mai farantin goro ko gyaɗa zai tuna. "Abin koyi" magana ce ta hali, ba ta siffa ba. Akwai kuma "samfuri", wato abin da ake nunawa a madadin sauran 'yan'uwansa, kamar ƙyallen da ɗan kasuwa ke yankowa daga bandir. Ba a kiran mutum da ita, sai dai za a ga nan gaba cewa ita ce ta fi kusa da gaskiyar abin da ya faru da mutane da yawa.

Abin da ya sa suna ɗaya ya gagara shi ne, matsayin ba ɗaya ba ne. Kyau ba shi ne ke raba su ba. Abin da ke raba su tambayoyi ne na ciniki da iko: wa ya nemi wani, kuɗi daga wane aljihu ya fita, hoton a hannun wa zai zauna, kuma mutumin da ke cikinsa a madadin kansa ya tsaya ko a madadin wani abu dabam?

Waɗanda ba a tambaye su ba

Omdurman ita ce hedkwatar daular Mahadi daga 1885 zuwa 1898. Muhammadu Ahmad Mahadi ya rasu a watan Yuni na 1885, kuma siffofinsa da ake gani a littattafai zane ne na hannu. Kyamara ta shigo da ƙarfinta ne tare da rundunar Kitchener. Bayan yaƙin Atbara na watan Afrilu 1898, an ɗauki Amir Mahmud Ahmad hoto yana fursuna, sanye da jibbarsa mai faci irin ta Ansar. Bayan yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba 1898, wani ɗan jarida mai suna Francis Gregson ya tara hotunan yaƙin a kundi guda. Halifa Abdullahi, wanda ya gaji Mahadi, gawarsa aka ɗauka bayan an kashe shi a Umm Diwaikarat a watan Nuwamba 1899. Babu wanda za a ce ya zaɓi tsayuwarsa a cikin waɗannan.

Da mulkin Ingila da Masar ya zauna, sai baƙin 'yan kasuwa suka buɗe shagunan hoto a Hartum. Sunayen da aka fi gani a ƙasan katunan gidan waya masu hoto na wancan zamani sun haɗa da G. N. Morhig, mai kantin magani a Hartum, da 'yan'uwan Karakashian, Armeniyawa. Masu sayen katunan sojoji ne da ma'aikatan gwamnati da matafiya, masu son aika wa gida abin mamaki. Saboda haka mai hoto yakan nemi wanda ya fi "kama da ƙabilarsa" a idon baƙo: mai tarin gashi daga gabas, dogon mutum mai mashi daga kudu, yarinya mai tulu a bakin kogi. A ƙasan katin ba a rubuta sunan mutum, sai sunan ƙabila ko sana'a. Wannan shi ne samfuri. An zaɓe shi da kyau, an tsayar da shi, wani lokaci har an gyara masa riƙon mashi, amma ba shi ake nufi ba.

Wanda ya zo da ƙafarsa

Daga wajen shekarun 1940 zuwa 1950, 'yan ƙasa suka fara riƙe sana'ar da kansu, kuma ciniki ya juya. Yanzu wanda za a ɗauka shi ne ke zaɓen mai hoto, shi ke biya, shi ke tafiya da hoton gida. Wanda ya fi suna a wannan zamani shi ne Rashid Mahdi, wanda aka haifa a 1923 ya rasu a 2008. Ɗakin hotonsa yana Atbara ne, garin ma'aikatan jirgin ƙasa da ke arewa da Hartum. A Hartum kanta akwai Gadalla Gubara, wanda aka haifa a 1920, mai hoto kuma mai shirya fim, wanda ya ɗauki bikin samun 'yancin kai na ranar 1 ga Janairu 1956, ya kuma buɗe Studio Gad a 1974.

Wa ke zuwa irin waɗannan ɗakuna? Ɗalibin da ya gama makaranta, sabon ma'aikaci da kwat ɗinsa, ɗan kasuwa da jallabiya da rawani, ango da amarya, abokai biyu da ɗayansu zai tafi neman kuɗi Saudiyya. Akwai kuma masu neman ɗan ƙaramin hoto na takardun tafiya, cikinsu har da Hausawa da Fulani mahajjata, waɗanda hanyarsu ta ƙasa ta bi ta Sudan, da yawa kuma suka zauna. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shi ne sanannen misalin wannan zama.

A ɗakin hoto mai hoto ba ya tankaɗe masu zuwa. Duk wanda ya biya za a ɗauka. Gwanintarsa ita ce ya fitar da mutum yadda mutumin ke son 'yan'uwansa su gan shi. Yakan zaɓa masa labulen baya, ya ba shi kujera ko furen roba ko wayar tarho ya riƙe, ya ɗaga masa haɓa, ya karkata kafaɗa. Bayan an wanke fim, sai a bi nagetif da fensir mai tsini a share ƙuraje da tabo. Wannan gyara al'ada ce ta masu hoto ko'ina a duniya a lokacin, amma a Sudan tana da tarko. Tsofaffi da yawa suna da tsagar gado a kumatu, wadda ake kira shulukh. Misali, an san Shaigiyya da layi uku a kwance. Mai hoton da ya ɗauki wannan a matsayin aibi ya goge, ya goge asalin mutum ke nan. Bahaushen da ya san tsagar Gobirawa ko ta Barebari ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Mata kuwa sukan zo da niyyar nuna tob, wato lulluɓin da Hausawa ke kira laffaya, mai tsawon kimanin mita huɗu da rabi. Kamar yadda atamfa ke samun suna a kasuwar Kantin Kwari, haka kowane sabon yayin tob yake samun nasa. Ɗaya daga cikin sunayen, "Hartum da dare", shi ne Marie Grace Brown ta sa wa littafinta na 2017 a kan tarihin tufafin matan Sudan. Matar da ta tsaya da sabon tob ta tallata shi ga duk wadda ta ga hoton a bangon ɗaki, amma ba wanda ya biya ta, kuma sunanta yana bakin duk mai kallo. Ba ta zama mai talla ba. Abokiyar ciniki ce.

Abin da idon mai hoto ke nema

Idan kuwa mai hoto ne ya fita neman fuska don aikin kansa, to ma'auninsa dabam ne da na mai neman aure. Hausawa kan ce kaya sun karɓi mutum. Haka hoto ma yana karɓar wani ya ƙi wani. Dalilin ba sihiri ba ne. Kyamara tana mayar da abu mai tudu da kwari ya zama shimfiɗaɗɗe, don haka fuskar da ke da ƙashin kumatu da haɓa da goshi fitattu tana riƙe haske da inuwa, ta kuwa cika sosai takan baje. Sa'an nan akwai natsuwa. Mutane da yawa da zarar an saita su sai wuya ya sandare, murmushi ya zama na dole. Wanda zai iya zama minti ashirin ana jujjuya shi, idonsa bai mutu ba, ya fi kyakkyawan da ke ƙosawa. Akwai kuma jin umarni: a ce "sauke kafaɗa kaɗan" ya sauke kaɗan ɗin, kuma ya iya maimaita tsayuwar gobe. Wannan na ƙarshe shi ne farkon sana'a.

Hartum tana da wata wahala ta musamman. Rana mai ƙarfi ce, tufafin maza fari ne fat, farin tob kuma shi ne kayan aikin malaman makaranta da ma'aikatan ofis mata. Idan aka auna haske a kan farin tufa, baƙar fuska sai ta nutse. Idan aka auna a kan fuska, tufar sai ta ƙone. Gwanin mai hoto yakan nemi inuwar bango ko ta bishiyar darbejiya, ko ya jira la'asar. Rago kuwa sai ya nemi mai hasken fata, ya ce ita ce hoto ke karɓa.

Fim ɗin kansa ma yana da hannu a wannan. Tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak yana aika wa masu wanke hoto mai launi wani kati da za su daidaita injinsu da shi. A kan katin akwai hoton wata Baturiya, kuma da sunanta, Shirley, aka riƙa kiran duk katunan da suka biyo baya, ko da an sauya matar. Ashe fatar mace ɗaya ce ta zama mudun da ake auna fatar duniya da shi. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai mata uku masu launi daban-daban.

Ɗalibin harshe zai so ya san yadda mutanen Hartum ke kiran launin fata, domin kalmomin ba sa tafiya yadda ƙamus zai sa ya zata. Mai haske sosai ana ce masa asfar, wato rawaya. Na tsakiya asmar. Wanda ya fi duhu akhdar, wato kore, kuma yabo ne a waƙoƙin soyayya. Mai duhu ƙwarai kuwa azrak, wato shuɗi. Ana kauce wa kalmar baƙi kai tsaye saboda tarihin bauta da ke maƙale da ita. Hausa ma tana da nata tsani: fari, ja, wankan tarwaɗa, baƙi. A garuruwan biyu, kamar a Kano, man shafawa mai sauya launi yana da kasuwa, kuma masu zaɓen fuskar talla sun daɗe suna karkata ga saman tsanin.

Baƙo da kyamara

A 1949 wani Bature ɗan Ingila, George Rodger, ya ɗauki hotunan 'yan kokawar Nuba a duwatsun Kordofan. Ɗaya daga ciki, na gwanin da aka ɗauko a kafaɗa bayan ya yi kaye, shi ya ja hankalin Leni Riefenstahl, Bajamushiyar da ta yi wa gwamnatin Hitler finafinai. Ta fara zuwa wurin Nuba a 1962, ta fitar da littafin hotuna a 1973 da wani a 1976. Zaɓenta a fili yake: samari da 'yan mata masu ƙirar jiki, shafe da toka ko mai, ba tufa. Ita kanta ta koka da cewa kuɗi da tufafi sun ɓata mutanen. Susan Sontag ta soki aikin a 1975, tana ganin ido ɗaya ne da wanda ya yi finafinan farko, wato bautar ƙarfin jiki. James Faris, wanda ya yi bincike a tsakanin Nuba na kudu maso gabas, shi ma ya soke ta. Littattafan sun jawo masu yawon buɗe ido zuwa yankin, aka fara biyan mutane don su tsaya. A ma'aunin kuɗi sun zama masu sana'a ke nan, amma abin da ake saye shi ne su yi kama da hoton da wani ya riga ya buga.

Wanda ya je dandalin kokawa na Hajj Yusuf, a gabashin Hartum, kafin yaƙin 2023, zai ga jikokin waɗannan mutane suna kokawa ranar Jumma'a cikin gajeren wando da riga, alƙali yana busa usur. Ba su da yawa a manyan littattafan hoto na Turai.

A yammacin Jumma'a ɗin kuma, a hubbaren Shehu Hamad al-Nil da ke Omdurman, 'yan Ƙadiriyya kan yi zikiri har faɗuwar rana. Mafi yawan masu halarta suna cikin farar jallabiya. Amma hotunan da suka zaga duniya na tsirarun darwishai ne masu korayen riguna da ja, da tarin carbi a wuya. Kyamarar baƙo ta tsallake mutum ɗari ta zaɓi ɗaya, sa'an nan aka rubuta a ƙasa cewa ga Sufayen Sudan. Katin Morhig bai mutu ba, launi kawai aka sa masa.

Sana'a sosai

Mai tallan kayan ƙawa na sosai ya bambanta da duk waɗanda aka ambata ta hanyar abu uku da ke tafiya tare: ana biyansa, yana sa hannu a takardar da ta fayyace inda za a yi amfani da hoton da tsawon lokacin, kuma ya san cewa ba shi ake tallatawa ba, tufa ce ko turare. A Turai da Amurka akwai kamfanonin dillanci da ke nemo masa aiki su cire kamasho, galibi wajen kashi 20 cikin 100. Ga mata masu taku a dandali, sukan nemi tsawon da ya kai kimanin santimita 175, domin tufafin gwaji a kan awo ɗaya ake ɗinka su. Wato jiki ake nema wa riga, ba riga ake ɗinka wa jiki ba.

Labarin Alek Wek ya nuna cewa ma'aunin na wuri ne da lokaci. An haife ta a Wau a 1977, 'yar ƙabilar Dinka. Yaƙi ya kori iyalinta a tsakiyar shekarun 1980, suka ƙare a Hartum, inda mahaifinta ya rasu. A birnin da ake yabon asfar, doguwar yarinya azrak daga kudu 'yar gudun hijira ce kawai. Ta isa Landan a 1991. A 1995 wata ma'aikaciyar kamfanin Models 1 ta hange ta a wata kasuwa a unguwar Crystal Palace, kuma a watan Nuwamba 1997 ta fito a bangon mujallar Elle. Fuskar ba ta sauya ba tsakanin Hartum da Landan. Mai zaɓe ne ya sauya. Sai dai a lura, kasuwar da ta ɗauke ta ita ma tana da son samfuri: tun daga lokacin dillalai suka shiga neman dogayen 'yan matan Sudan ta Kudu kamar yadda ake neman wani irin yadi. Anok Yai, wadda iyayenta 'yan can ne, hoto ɗaya da wani ya ɗauke ta a taron ɗalibai na Jami'ar Howard a 2017 shi ya buɗe mata ƙofa, ta buɗe bikin nunin kayan Prada a 2018.

A Hartum kanta sana'ar ta sha wuya a zamanin Umar al-Bashir. Sashe na 152 na dokar manyan laifuffuka ta 1991 ya tanadi bulala har 40 ga wanda aka samu da shigar da ta saɓa wa ɗa'a, ba tare da fayyace wace shiga ce ba. Da shi aka kama 'yar jarida Lubna Hussein a 2009 saboda ta sa wando. A watan Yuni 2010 'yan sanda suka kama mutane bayan wani bikin nunin tufafi da maza da mata suka yi taku tare a Hartum, kuma a watan Disamba kotu ta ci maza bakwai tarar fam 200 kowannensu saboda sun yi kwalliyar fuska, tare da matar da ta yi musu. Hodar da ake shafa wa namiji don kada goshinsa ya yi ƙyalli a ƙarƙashin fitila kayan aiki ce, kamar fensirin mai gyaran nagetif, amma kotu ba ta karɓi wannan ba. A irin wannan yanayi, budurwar da ta yarda a buga fuskarta ba kuɗi kawai take aunawa ba. Tana auna 'yan sanda, da kawunnanta, da dangin wanda zai aure ta. An soke dokar kula da ɗa'ar jama'a a watan Nuwamba 2019.

Ranar 8 ga Afrilu 2019

A wannan rana, a wurin zaman dirshan da ke gaban hedkwatar soja a Hartum, wata ɗaliba 'yar shekara 22 mai suna Alaa Salah ta hau kan mota tana ba da waƙa jama'a na amshi. Wata mata a cikin taron, Lana Haroun, ta ɗauke ta da wayar hannu. Cikin kwana biyu hoton ya zaga duniya, kuma ranar 11 ga wata soja suka sauke al-Bashir.

Dubban mata ne suka kwana a wannan fili, kuma an ɗauki hotuna ba adadi. Me ya sa wannan ya fita? Duk abin da gwanin ɗakin hoto zai shirya ya haɗu da kansa: magariba ta rage hasken rana, farin tob ya fito a kan sararin sama, 'yan kunnen zinariya masu faɗi sun kama haske, yatsa yana sama, wayoyi sun kewaye ta daga ƙasa. Ga 'yan Sudan kuma farin tob yana tuna musu da iyayensu mata ma'aikata da suka yi gwagwarmaya a shekarun baya, kuma sun kira ta Kandaka, laƙabin sarauniyoyin tsohuwar daular Kush. Babu wanda ya biya ta, babu takardar da ta sa wa hannu, amma ta wayi gari tana tsaye a madadin juyin juya hali, ana zana ta a bango da riguna. Wasu 'yan ƙasar sun yi tambaya mai nauyi: da 'yar Darfur ce ko 'yar duwatsun Nuba, ko ɗaya daga masu sayar da shayi da suka ciyar da taron, da duniya ta ɗauka haka? Bambancinta da yarinyar katin Morhig shi ne an san sunanta kuma ta yi magana da bakinta. A watan Oktoba na shekarar ta yi jawabi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Inda hotunan suke

Hoto yakan fi wanda ke cikinsa tsawon rai, kuma yakan sauya matsayi bayan mutuwarsa. A 2003 wani Bafaranshe mai hoto, Claude Iverné, ya kafa wata ma'ajiya mai suna Elnour, wadda ta tara ayyukan masu hoton Sudan, cikinsu har da Rashid Mahdi, kuma an nuna wasu a bikin hotunan Afirka na Bamako a 2005. Ma'aikacin jirgin ƙasan da ya biya kuɗinsa don ya aika wa mahaifiyarsa hoto, yau yana rataye a ɗakin nuni a ƙasar da bai taɓa zuwa ba. In ba a samu littafin ciniki na mai hoton ba, a ƙasansa sai a rubuta gari da shekara kawai.

An rushe ginin Studio Gad a 2008, shekarar da Gadalla Gubara ya rasu. 'Yarsa Sara, wadda ta zama idonsa bayan ya makance, ita ta tsare finafinansa, aka kuma kwafe wani ɓangare zuwa kwamfuta tare da taimakon cibiyar Arsenal ta Berlin. Shirin Sudan Memory shi ma ya kwafe tarin hotuna da takardu ya sa a intanet. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF ya kori miliyoyin mutane daga gidajensu, an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa, kuma kundin hotunan iyali da dama an bar su a gidajen da aka gudu aka bari. Soja sun karɓe Hartum a watan Maris 2025.

Daga cikin masu hoton da suka taso a wannan zamani akwai Salih Basheer, wanda aka haifa a Omdurman a 1995. Iyayensa sun rasu yana ɗan shekara uku, kwana 22 tsakanin rasuwar ɗaya da ɗayan, kuma wannan adadi ne ya zama sunan littafinsa na 2023. Waɗanda yake son ɗauka ba sa nan, don haka ya haɗa littafin da rubutu da zane, ya kuma juya kyamara ya ɗauki kansa. A 2024 ƙungiyar masu hoto ta Magnum, wadda George Rodger yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1947, ta karɓe shi a matakin farko na zama ɗan ƙungiya.